Kada Inna Ta Ji

"Haulatu! Wai ke ba kya abu da hanzari ne? Mota na jira, kin tsaya ƙulle-ƙulle kamar mai shirin ƙaura!"

Muryar Yaya Fausatu ce ta cika ɗan falon da abokin Surajo, mijin Haulatu, ya ara musu a unguwar Al Aziziya da ke Doha. Haulatu na durƙushe gaban akwati tana cusa kayan Maimuna, 'yarta mai shekara biyu da rabi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yi haƙuri Yaya, maganin Inna nake dubawa kada a manta."

"Ahaf! Yau kuma an san da Inna? To ai dole, tunda idon miji na kusa."

Inna Ajaratu, surukar Haulatu, na zaune tana jan carbi, ko kanzil ba ta ce ba. Shirun nan nata ya fi yi wa Haulatu ciwo a kan duk baƙar maganar yayar mijinta.

Surajo ya turo ƙofa da fara'arsa, makullin mota a hannu. "Yalla, yalla! Inna, yau za ki ga ruwan da ba a hango ƙarshensa." Direba ne a wani babban otal da ke bakin teku. A bana aka zaɓe shi gwarzon ma'aikaci, aka ba shi kyautar kwana uku a otal ɗin shi da iyalinsa. Ya dace kuma da lokacin gasar cin kofin duniya, an sassauta shigowa ƙasar, shi ne ya ɗauko su daga Funtuwa. Rabon su da ganinsa saura kaɗan shekara uku.

Abin da ya shiga tsakanin Haulatu da dangin mijinta kuwa, tun shekarar korona ne. Surajo ya baro ta da ƙaramin ciki. A watan azumi mahaifinsa ya rasu, hawan jinin Inna ya tashi har sai da aka kwantar da ita. Tana cikin takaba, ran nan da hantsi Surajo ya kira Haulatu, numfashinsa na sarƙewa.

"Haula, cutar ta kama ni. Za su sa mini na'ura, ban san ko zan tashi ba. Ki yi mini alƙawari, don girman Allah kada Inna ta ji. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

Tana kuka ta yi alƙawari. Kwana arba'in da bakwai ya yi bai san inda kansa yake ba. A cikinsu ta haihu. Ta sayar da 'yan kunnenta na zinare da gadon aurenta, aka sayi rago, aka yi suna, ta ce shi ya aiko. Duk wanda ya tambayi dalilin shirunsa sai ta ce an kulle su a wurin aiki, an karɓe wayoyi. Wata nas 'yar Kagoro mai suna Jael ce ke kiranta tana ba ta labarin jikinsa, ita kuma ta laɓe a bayan ɗaki tana amsawa ƙasa-ƙasa. A nan Fausatu ta tsinci sunan Surajo a bakinta. Kafin la'asar magana ta gama gida: ashe yana kiran matarsa, uwarsa ce dai bai da lokacinta. Wai Haulatu ta mallake shi.

Da ya warke, huhunsa bai koma daidai ba. Aikin gadin da yake yi ya gagare shi, ya koma tuƙi. Haulatu ta sha roƙonsa ya faɗa wa Inna gaskiya, kullum amsarsa ɗaya ce: "Bari dai ta ƙara ƙarfi. Idan ta ji, cewa za ta yi in dawo gida." Haka aka kwashe shekara biyu tana shan habaici a tsakar gida.

Otal ɗin kuwa sai wanda ya gani. Ƙananan gidaje farare a jere, bishiyoyin dabino, ga rairayi mai laushi har bakin ruwa. Ko'ina baƙi ne da rigunan ƙwallo, 'yan Maroko sun yafa tutarsu suna kiɗa. Fausatu ta rasa inda za ta sa kanta. "Wow! Surajo ɗauke ni a nan. A'a, ka haɗa da jirgin ruwan can, so nake 'yan unguwa su ƙone!" A wurin cin abinci ta cika faranti uku. Inna dai ta ɗanɗani shinkafa ta ce ba gishiri.

Haulatu ta so ta yi murna, abin ya ƙi. Maimuna ma ƙyuya take yi wa ubanta, ta saba ganinsa a waya kawai. Ga shi tun ranar da suka sauka Surajo ya saka abin shaƙarsa na maganin numfashi a jakarta don kada Inna ta gani. Idan ƙirjinsa ya riƙe sai ya yi mata inkiya da ido, su zagaya bayan gini. Fausatu na lura da su tana taɓe baki.

Rana ta biyu da hantsi suna zaune ƙarƙashin lema, iska na kaɗawa, Inna ta ajiye carbinta.

"Surajo, zauna. Ke ma Haulatu kada ki tashi, ba na yi da mutum a bayan idonsa."

Haulatu da ta yunƙura za ta tashi ta koma ta zauna.

"Na yi shiru ne ina jiran ranar da zan gan ka ido da ido," in ji Inna. "Mahaifinka ya rasu, ina cikin takaba, ka yi kusan wata biyu ban ji muryarka ba. An haifa maka 'ya, ko barka ba ka kira mun yi wa juna ba. Amma kana da bakin magana da matarka. Me na yi maka?"

Surajo ya sunkuyar da kai yana tonon rairayi da yatsa. "Inna, ki gafarce ni. Yanayin aiki ne a lokacin..."

"Aiki? Kai dai faɗi gaskiya!" Fausatu ta karɓe. "An shanye ka! Kuma ka tambaye ta ina gadonta da zinarenta. Duk ta kwashe ta kai gidansu. Wallahi Surajo, in kana son albarka ka rabu da yarinyar nan. Mata sun ƙare ne?"

"Yaya, don Allah..."

"Ni ban ce ka saki matarka ba," in ji Inna a hankali. "Amma na gaji da zama da wadda ta raba ni da ɗana. In mun koma, ka nema mata wani wurin."

Haulatu ta dubi mijinta. Kalma ɗaya take jira. Ya buɗe baki, ya dubi fuskar Inna, ya mayar ya rufe. Sai ta miƙe, ta saɓa Maimuna a kafaɗa, ta nufi ɗaki hawaye na zuba.

Bayan azahar ya same ta tana ninke kaya.

"Haula, please ki saurare ni."

"Na saurare ka shekara biyu, Abban Maimuna."

"Bari a gama hutun nan lafiya. Kin ga jininta..."

"Jininta! Ni ba ni da jini ne? Ka san me ake kirana a gidanku? Ka san ranar sunan 'yarka ina cikin ɗaki ina kuka, ban san ko marainiya na haifa ba, mata na tsakar gida suna cewa baƙin hali ne ya hana ni fitowa?" Ta jefa rigar da ke hannunta cikin akwati. "Alƙawari na ɗauka, kuma ba zan karya ba, ko da za a yanka ni. Amma yau a gabanka aka ce mini ɓarauniya, ka yi shiru. In mun koma ba sai ka nema mini wuri ba. Gidan ubana bai rushe ba."

Ya miƙa hannu zai taɓa ta, ta kauce. Ranar ko da Maroko ta ci wasa, otal ya kaure da ihu da tsalle-tsalle, ɗakinsu tsit kamar gidan makoki.

Washegari da safe, ranar ƙarshe, suka fito bakin ruwa kowa da abin da ke ransa. Haulatu ta koma ɗauko wa Inna shayi, ta bar Maimuna wurin Fausatu. Ita kuwa Fausatu ta juya baya tana ɗaukar kanta bidiyo. Iska ta ɗauke 'yar ƙwallon robar yarinyar ta jefa a ruwa, ta bi ta da gudu tana dariya. Daidai lokacin wani babur ɗin ruwa ya wuce, igiyar da ya taso ta yi sama da ita.

"Innalillahi! Maimuna!" Inna ta ƙwalla ƙara.

Surajo na can nesa yana gaisawa da abokin aikinsa. Ya yar da wayarsa ya sheƙa da gudu, ya faɗa ruwan da kayansa, ya cafo ta. Yarinyar ta yi tari ta fashe da kuka, ba abin da ya same ta. Amma shi yana taka rairayi sai ƙirjinsa ya riƙe. Ya zube yana kama ƙirji, numfashinsa na fita da wani irin ƙugi, leɓɓansa sun canza launi.

Haulatu ta saki kofin shayi. Ta iso a guje, ta zazzage jakarta a ƙasa, ta ɗauko abin shaƙar, ta tallabo kansa. "Ja! Ja a hankali, Abban Maimuna. Ƙara! Kalle ni, kada ka rufe ido!"

Masu ceto suka ɗauke shi zuwa ɗakin shan magani na otal, aka sa masa iskar oksijin. Nas ɗin wurin ta shiga jero tambayoyi da Turanci, Haulatu na amsawa ba gargada: watan da ya kamu, kwanakin da ya yi a kan na'ura, sunan magungunansa. Inna ba ta jin Turanci, amma ta ga yadda fuskar Fausatu ta sauya.

"Me suke cewa? Fausatu, me ke damun ɗana?"

Surajo ne ya janye abin da ke hancinsa.

"Inna, ni zan faɗa." Yana yi yana hutawa ya kwashe komai ya gaya mata: kiran da ya yi, alƙawarin da ya ɗora wa Haulatu, nas ɗin da ke kiranta a ɓoye, da inda gado da zinare suka tafi. "Ragon da kuka ci ranar suna, ban san an yanka shi ba. Ina kwance kamar gawa."

Inna ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin kumatunta.

"Kwana arba'in da bakwai," ta ce. "Kana tsakanin rai da mutuwa, ni kuma ina kan dardumata ina kai ƙararka wurin Allah. Surajo, da bakina ya kama ka fa? Ka hana ni yi maka addu'a a ranar da ka fi bukatarta! Wa ya ce maka ni ba zan iya ɗaukar ƙaddara ba? Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu kafin a haife ka."

"Ki yafe mini, Inna."

"Ba ni za ka fara roƙo ba. Jinya ta wuce, wannan na ba ka uzuri. Amma shekara biyun da suka biyo baya fa? Ka laɓe a bayan 'yar mutane tana shan zagi dominka. Jiya-jiyan nan a gabanka!"

Ta juya ga Haulatu, ta yunƙura za ta durƙusa. Haulatu ta yi wuf ta riƙe ta. "Haba Inna! Don Allah kada ki yi mini haka!"

"Bar ni, 'yata. Kin dafa mini, kin wanke mini, ina amsa gaisuwarki da ƙyar. Ashe ke ce kika rufa mana asiri." Suka rungume juna suna kuka.

Fausatu na raɓe a jikin ƙofa, Maimuna a hannunta. Da ƙyar ta iya cewa, "Haulatu, ni ban ma san ta inda zan fara ba. Na ɓata miki suna, yau kuma saura kaɗan in..." Kuka ya ci ƙarfinta.

"Ya wuce, Yaya," in ji Haulatu. Ta faɗa ne kawai, ta san zuciyarta sai a hankali.

Da la'asar jikin Surajo ya yi sauƙi. Ya ce a miƙo masa waya. A gabansu duka ya ɗauki saƙon murya mai tsawo, ya tura zauren dangi na waya, ya kuma tura wa mahaifin Haulatu. Bai rage komai ba, har da tsoron da ya hana shi magana. Sannan ya dube ta.

"Haula, ban cancanta ba. Amma in kin yarda, ba za ki sake zama nesa da ni ba. Na yi magana da kafil ɗina, ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, zan nemi takardar zaman iyali, ko ɗaki ɗaya ne mu samu a unguwar Al Asmakh."

Ta dube shi ido cikin ido. "Da sharaɗi," ta ce. "Daga yau kada ka sake ɗora mini sirrin da kai ka kasa ɗauka."

"Khalas, shi ke nan. Na yi alƙawari."

"Ita za ta zauna tare da kai," in ji Inna, "ni kuma kullum sai na ji muryarka, ko tari kake yi ka kira ka yi mini shi a kunne."

A karo na farko tun zuwansu, Haulatu ta yi dariya har haƙoranta suka bayyana.

Tare suka koma Funtuwa da su Inna don jiran takardu. Bayan wata biyar suka fito, ta dawo Doha da 'yarta. Inna ce da kanta ta raka ta filin jirgi tana sa mata albarka.

Haƙuri dai ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko an daɗe mai shi zai ga ranarsa. Sai dai wanda ya ɓoye wa iyayensa gaskiya don tausayi, ya duba da kyau wa ya bari da dakon kayan. Masu yanke hukunci da abin da suka tsinta a bayan ɗaki kuma su ji tsoron Allah, don ba kowane mai shiru ne marar gaskiya ba.