Karkatacciyar Patta

A unguwar Tirkaniya da ke Kaduna akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai son gyara. Idan ta ga hoto ya karkace a bango, sai ta daidaita shi. Idan ta ga takalma a warwatse, sai ta jera su. Halin kirki ne, babu shakka. Matsalarta ɗaya ce: ba ta tambaya. A ganinta, idonta ya ishe ta.

Babanta, Malam Shekari, ya daɗe yana aiki a wata masana'anta a Kudenda. Da aka rage ma'aikata, sai ya ɗauko zarto da guduma, ya koma aikin kafinta da ya koya tun yana saurayi. Amma mutane ba su san hannunsa ba. Daga gyaran benci sai ƙafar kujera, su kaɗai ake kawo masa.

Ran nan zumuntar mata ta cocinsu a unguwar Nasarawa ta ba shi babban aiki. Suna son dogon kabad na kicin ɗin coci, inda za su riƙa ajiye kwanuka da kofuna.

"Wannan aikin shi zai nuna ni," in ji Baba. "Idan ya yi kyau, matan nan za su kai sunana gida-gida. Idan ya ɓaci ma, su ne za su kai."

Mama ta yi dariya, amma yarinyar ta ga Baba bai yi ba.

Ranar Asabar za a kafa ƙofofin kabad ɗin, da yamma kuma Fasto ya sa masa albarka a gaban mata. Da safe Baba ya shirya jakar aikinsa, ya shiga wanka. Yarinyar ta leƙa ciki don ta tabbatar komai ya yi tsaf.

Sai ta ga patta, wato ƙarafan nan da ke riƙe ƙofa har ta buɗe ta rufe. Ba irin ta ƙofar ɗakinsu ba ce, mai buɗewa kamar littafi. Wannan tana da kai kamar ɗan ƙaramin kofi, da dogon hannu mai sheƙi. Ta ɗauki ɗaya, hannunta a miƙe sambal. Ta ɗauki wata, sai ta ga hannun ya ɗan karkace. Ta duba, ashe karkatattun suna da yawa.

"Wayyo, an cuci Babana!" ta ce a ranta. "An sayar masa da lalatattu bai lura ba."

Wuf ta tsince karkatattun. Ta je shagon Baba da ke ƙofar gida, ta ɗebo miƙaƙƙu daga wani kwali, ta cika jakar. Karkatattun kuwa ta watsa su cikin buhun tsofaffin ƙarafa da ke bayan ɗaki. Ba ta gaya wa kowa ba. Tana so sai an gama yabon Baba, sannan ta ce ita ce ta cece shi.

Da Baba ya fito, ta ce, "Baba, zan bi ka."

"To, 'yar Baba, ɗauko jakar mu tafi."

Ta saɓa jaka tana tafiya tana ɗaga kai.

A coci suka tarar da Mama Scholastica, shugabar zumuntar mata. Mace ce mai kirki, amma bakinta ba ya ɓoye abin da idonta ya gani. Ita da wasu mata suna ta soya cincin saboda taron yamma.

Baba ya fara da ƙofofin gefe. Ya zura kan pattar cikin ramin da ya fafe a bayan ƙofa, ya ɗaure da sukuru. Ya rufe, ƙofa ta zauna daram, ba a ganin ƙarfe ko kaɗan daga waje. Yarinyar ta saki baki.

Ya zo kan ƙofofin tsakiya. Mata suna ta yi masa hira, yana amsawa, hannunsa na shiga jaka yana fitowa. Bai duba ba, don ya san abin da ya zuba da kansa. Ya ɗaura ta hagu, ya ɗaura ta dama a jikin katako guda. Ya tura su.

Ƙwas! Ƙofofin suka yi karo. Ɗaya ta hau kan ɗaya, ta tsaya a buɗe kamar bakin mai hamma.



"Oga Shekari, mene ne wannan?" in ji Mama Scholastica. "Ni ce fa na tsaya maka. An ce mu kira na cikin gari, na ce a'a, ga namu. Yanzu da wane ido zan kalli mata?"

Baba ya zazzage jakar a ƙasa, ya dinga juya patta ɗaya bayan ɗaya. Zufa ta keto masa.

"Ina karkatattun? Na sa su," ya ce a hankali. "Na tabbata na sa su. Ko dai tsufa ne ya fara kama ni?"

Wata mata ta yi ƙasa da murya ta ce, "Dama aikin kamfani ya sani, ba katako ba."

Yarinyar ta ji maganar. Ta san Baba ma ya ji, don ta ga ya sunkuyar da kai. Idan ta yi shiru, babu wanda zai taɓa sani. Amma ba ta taɓa ganin Babanta ya ƙanƙance haka a gaban mutane ba, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

"Ni ce," ta ce. "Ba laifin Baba ba ne. Na ga wasu sun karkace, na ɗauka sun lalace. Na cire su, na sa masu kyau."

"Masu kyau!" Mama Scholastica ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ashe muna da injiniya a nan ba mu sani ba."

Baba ya dube ta. Bai daka mata tsawa ba. Da ya yi tsawar ma, da ta fi jin sauƙi.

"Ina kika kai su?"

"Buhun tsofaffin ƙarafa."

Baba ya kira Mama a waya. Yarinyar ta ga fuskarsa ta canza.

"Mamarki ta ba mai bola jari buhun, wancan mai yawo da baro yana sayen tsofaffin ƙarafa, ya tafi," ya ce. "Irin wannan pattar kuwa sai an haye gada an je kasuwar Panteka. Kafin in je in dawo, taro ya watse."

Yarinyar ta fashe da kuka. Mama Scholastica ta aje matsamin cincin, ta gyara ɗaurin zane.

"Kuka ba ya rufe kabad," ta ce. "Oga Shekari, kai kwance waɗannan. Ke kuma injiniya, wuce mu je. Mutum da baro ba zai fi Keke gudu ba."

Suka tari Keke mai ƙafa uku suka koma Tirkaniya. Suna shiga layi suna fita, suna tambayar mai shago da mai awara. Rana ta take, ƙura ta baɗe musu ƙafa. Can sai yarinyar ta hango wani mutum yana tura baro, ga buhunsu a sama.

"Ga shi can! Malam, don Allah tsaya!"

Mutumin ya tsaya, ya saurari bayaninta, ya yi murmushi. Ya sauke buhun ya ce, "Duba da kanki, yarinya."

Ta durƙusa a bakin hanya tana tonon gwangwanaye da tsatsattun ƙusoshi. Hannunta ya yi baƙi ƙirin, wata waya ta karce ta. Ba ta tsaya ba sai da ta tsinto su duka. Ta yi wa mutumin godiya har ƙasa.

Da suka koma, Baba ya goge pattar da tsumma. Ya ce, "Zo nan, 'yar Baba. Yau za ki ga abin da kika zubar."

Ya ɗaga miƙaƙƙiya. "Wannan ta ƙofar gefe ce. Ƙofar ita kaɗai ce a kan katakonta, don haka take rufe bakinsa gaba ɗaya."

Ya ɗaga karkatacciya. "Wannan kuwa ta tsakiya ce. Dubi nan, ƙofa biyu ne a kan katako ɗaya. Karkatar nan ce take ja da kowace ƙofa baya kaɗan. Wannan ta rufe rabi, waccan ta rufe rabi, kowa ta bar wa 'yar'uwarta wuri."

"Wato da gangan aka karkata ta?"

"Da gangan. Akwai ma wadda ta fi wannan karkata, ta ƙofar da ke shigewa cikin kabad ta yi daidai da bakinsa. Akwai doguwa ta murfin akwati. Akwai mai kama gilashi ba tare da ta fasa shi ba. Kowane kabad da irin tasa."

Yarinyar ta juya pattar a tafin hannunta. Karkatar ba ta kai faɗin ɗan yatsanta ba. Amma wani, a wani wuri, ya zauna ya auna ta tun kafin a sare itacen kabad ɗin nan. Tsigar jikinta ta tashi. Duk ƙofofin da take buɗewa kullum, ashe kowace da irin wannan tunani a bayanta!

Baba ya ɗaura ƙofofin. Ya miƙa mata sukuddireba, ya nuna mata wani ɗan sukuru.

"Juya a hankali."

Ta juya. Ƙofar ta matsa gefe kaɗan. Ta ƙara, sai tsagar da ke tsakanin ƙofofin ta miƙe kamar an ja ta da rula.

Kafin nan mata sun cika kicin, Fasto ma ya iso.

"Yanzu tura ta da ƙarfi," in ji Baba.

"Baba, za ta fashe!"

"Tura dai."

Ta runtse ido ɗaya, ta banka ƙofar. Ƙofar ta tafi da gudu, sai gab da rufewa ta tsaya kamar wani ya tare ta. Daga nan ta ci gaba a hankali, a hankali, ta rufe kanta babu ko ƙara.

"Kai!" in ji mata gaba ɗaya.

"Akwai ɗan bututu mai mai a cikin pattar," in ji Baba. "Shi ke rage mata gudu."

Kowa sai da ya gwada, har Fasto, kafin ya tuna bai yi addu'a ba. Matar nan da ta yi maganar kamfani ta matso tana sosa kunne.

"Oga Shekari, yaushe za ka zo ka auna kicin ɗina?"

"Ki bi layi," in ji Mama Scholastica. "Nawa ne farko."

A hanyar gida yarinyar ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na kusa ɓata maka suna."

"Kin kusa," in ji Baba. "Niyyarki mai kyau ce, amma niyya ba ta isa ba. Idan kin ga abin da ba ki gane ba, ki tambaya kafin ki gyara. Ba duk abin da ya karkace ne ya lalace ba."

"Na ji, Baba."

"Amma ki san wani abu. Kabad ɗin ya yi kyau, na ji daɗi. Sai dai abin da ya ɗaga kaina yau ba shi ba ne. Lokacin da kika ce ‘ni ce’ a gaban mutane, shi ne."

Ta kama hannunsa da hannunta mai baƙin tsatsa, shi kuma ya riƙe shi gam har gida.