Ƙwayoyi a Gwangwanin Maɓallai

Da safe Malam yana shirin tafiya makarantar da yake koyarwa, maɓallin rigarsa ya tsinke. Ya jawo gwangwanin da ke gefen keken ɗinkin matarsa ya juye a kan tebur. Tare da maɓallan sai ga ƙananan fararen ƙwayoyi sun zubo, har guda goma sha tara.

Matar, wadda duk layin ke kira Anti Tela, ta fito daga kicin ta tsaya cak. Wata bakwai ke nan da yi mata dashen ƙoda, kuma ƙodar ta Malam ce. Likita ya ja musu kunne cewa magungunan nan su ke hana jikinta yaƙar ƙodar, ba fashi har ƙarshen rayuwa.

"Tun yaushe?" ya tambaya a hankali.

Ta kasa ɗaga kai. Cikin kuka ta faɗa masa gaskiya. Wannan ƙaramar ƙwayar ce ke kumbura mata fuska. Ranar da Yaya, babbar yayarsa, ta zo da ƙawayenta karɓar ɗinki, ta kama kumatunta tana dariya, ta ce lallai ƙodar ƙaninta ta karɓe ta, shi yana ramewa ita tana cika kamar balan-balan. Da ma Yaya ba ta so aka yi aikin ba, ta sha cewa mace ana sake wata, ƙoda kuwa ba a sakewa. Daga ranar Anti Tela ta riƙa shan sauran magungunan a gabansa, wannan kuma ta ɓoye.

"Na ji tsoron ka dube ni ka yi da-na-sani," ta ce.

"Ni ban ba ki don ki yi mini kyau ba. Don ki zauna da ni na ba ki. Ɗauko katinki na asibiti."

A asibiti gwajin jini ya nuna ƙodar ta fara shan wahala, aka ba ta gado. Da nas ta tambaye ta kwana nawa ta yi fashi, Anti Tela ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Nas ɗin ba ta yi mata faɗa ba. Ta kawo akwatin magani mai gida bakwai, kowace rana da gidanta, ta saita musu ƙararrawa a wayoyinsu, ta ce duk abin da magani ya yi mata, likita za ta faɗa wa, ba gwangwani ba.

Rana ta uku Yaya ta zo dubiya. Malam ya tare ta a bakin ƙofa ya gaya mata komai, ba tare da ya ɗaga murya ba. Da ta gama ji, Yaya ta shiga, ta zauna a bakin gadon tana murza gefen mayafinta.

"Ƙanwata, wasa na ɗauka nake yi. Ashe naman ƙanina na so kashewa a jikinki. Ki yafe mini."

Anti Tela ta riƙe hannunta, ta ce ita ma mai laifi ce.

Allah ya taimaka, ƙodar ta farfaɗo. Ruwan maganin da aka ƙara mata ya sa fuskar ta daɗa kumbura, amma haka ta koma kan kekenta, ba ta ɓoye wa masu kawo ɗinki fuskarta ba. Ta gane cewa wanda ya ba ka wani ɓangare na jikinsa amana ya ba ka, kuma ba a watsar da amana don dariyar mutane.