Ƙarfe da Safe, Karate da Yamma

Bene ɗaya ne. A ƙasa ana ɗaga ƙarfe, a sama ana koyar da karate, kuma a kan matattakala suka fara haɗuwa. Shi mai walda ne, abokansa na ce masa Gingimari saboda faɗin ƙirji. Ita 'yar malamin karate ce, ita ke koyar da ajin mata. Ya tare hanya yana shan ruwa, ya baje kafaɗu don a gani.

"Malam, matsa ko in matsar da kai," ta ce.

Ya yi dariya. Kafin ya sauke gorar ta sulale ta gefensa ta haye sama. Ya bi ta da kallo har ruwa ya jiƙa masa riga.

Washegari ya yi rajista a sama. Kowa ya san ba karate ya kai shi ba.

Ta so shi, don yana da kunya a ƙarƙashin duk wannan nama. Aibinsa ɗaya, kuma babba ne: bai san inda zai tsaya ba. Da safe ya ɗaga ƙarfe har ya kasa taje kansa, da yamma ya hau sama a sandare. Shurinsa ba ya wuce gwiwa. Babban ɗalibin malam, wani siriri da ake kira Tsinke, wanda ya daɗe yana sonta, sai ya ce, "A kawo man inji, ƙofar nan ta yi tsatsa."

Gingimari ya tura mata saƙo: "Walƙiyata, yau na ƙara nauyi saboda ke."

Ta amsa: "Na gani. Kana naushi kamar mai tura mota. Ka huta gobe, Gingimarina."

"Hutu na ragwaye ne."

Wannan maganar wauta ce, ko daga bakin wa ta fito.

Da kawunsa ya je neman aurenta, malam bai ɓoye komai ba. "Yaron na da sana'a, yana da ladabi. Amma wanda bai tausaya wa jikinsa ba, wa zai tausaya wa? Ba na ba da 'yata ga mutumin da ba shi da birki. Gwajin bel, na ƙarin matsayi a karate, na zuwa, zan duba shi."

Gingimari ya ji labari, ya fahimce shi a baibai. Da safiyar gwajin ya ɗora wa kafaɗarsa ƙarfen da bai taɓa ɗauka ba, ya yi ta tsuguno da shi, wai don ya je da ƙarfinsa. Da yamma ɗalibai suka durƙusa gaida malam, aka ce a miƙe. Kowa ya miƙe ban da shi. Cinyoyinsa na rawa, ya yunƙura, ya koma. Sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

Daga ranar ya ɓace. Tsinke ya samu ƙofa, ya ce mata, "Na ji ya ce karate wasan yara ne, ya fasa duka."

Ta yi kukanta, sannan ta rubuta: "In ka fasa, faɗa min da bakinka."

Amsa ta zo nan take: "Ban fasa ba, rabin raina. Matattakalar ce ba na iya hawa, ga kunyar Baba."

Dariya ta kama ta har yayarta ta leƙo ɗakin. Tare suka je shagon waldarsa, suka same shi yana aiki a zaune.

"Ban ce ka bar ƙarfe ba," ta ce. "Ina son kafaɗun nan yadda suke. Amma ranar ƙarfe daban, ranar karate daban, ranar hutu ka zauna. In gwaji ya matso, ka rage nauyi. Ka riƙa fita daga wurin ɗaga ƙarfe da sauran ƙarfinka."

"Za su yi min dariya."

"Ai an riga an yi," in ji yayar.

Sun kuwa yi. 'Yan ƙarfe suka ce an mayar da Gingimari keke. Ya haɗiye. Ajiye ƙarfe alhali yana iya ƙarawa ya fi masa wuya fiye da ɗaga shi, amma ya ajiye. A hankali ƙugunsa ya saki, shurinsa ya kai ƙirji.

A gwaji na gaba aka haɗa shi da Tsinke. Tsinke ya kawo hari, Gingimari ya kauce, ya saki naushi da dukan ƙarfinsa. Hannun ya tsaya cak a gaban hancin Tsinke, bai taɓa shi ba. Tsinke ya shafa hancinsa, ya rusuna.

Malam ya dubi Gingimari. "Ka ce wa kawunka ya dawo."

Aka ɗaura aure. Ranar tarewa 'yan ƙarfe suka kwashe gado da firij da kujeru kamar audugar matashi, 'yan karate suna gefe suna ba da umarni, Tsinke ya fi kowa murya. Malam ya dafa kan angon da amaryar ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu ƙarfinsa da hankalinta."

Gidan ya amsa da amin, ta ango ta fi ƙarfi.