Butar da Ke Ƙofar Nevzat

Kun gani, kun kau da kai. Kun ci alewar makoki a gidan Nevzat Bey, kun suɗe yatsu, kun ce ƙaddara ce, saboda masana'antarsa ke ciyar da rabin garin nan. Shirun nan naku ya sa in an tambaye ni garinmu sai in sunkuyar da kai.

Bari in tuna muku. Gwamnati ta nemi sabon jirgin saman yaƙi, kamfani ɗaya za ta ba aikin. Biyu suka rage a takara, na Nevzat da na Erdal, abokin karatunsa a Ankara. Jirgin Erdal ya riga ya tashi. Na Nevzat kuwa, da an kunna inji sai fiffike ya tsage.

Da rana tsaka Nevzat ya hau dutse wurin gurgu Rustem, mai narka dalma. Ɗakin kogo ne, ba taga. Ƙahonin raguna jere a bango, kowanne ɗaure da tsumman rigar wani. Wutar murhu kore-kore, gefenta tasar tagulla cike da ruwa baƙi ƙirin.

"Cire takalmi, ɗan birni," in ji Rustem. "Masu ɗakin nan ba ruwansu da laƙabinka na Bey."

"Baba, so nake jirgina ya tashi."

"Naka ya tashi, ko na abokinka ya faɗi?"

Nevzat ya mai da ido kan ƙahonin bango.

"Duka biyun ke nan. Haka kuke ku 'yan boko, sai an faɗa muku abin da ke ranku."

Ya durƙusar da shi, ya lulluɓe shi da farin ƙyalle, ya riƙe tasar saman kansa, ya tsiyaya narkakkiyar dalma a ruwan. Ruwan ya yi ƙara kamar an taka jariri. Da ya tsamo dalmar, ta daskare da siffar tsuntsu marar kai.

"Ƙarfe ɗa ne ga ƙasa," in ji Rustem. "In ka ƙwace mata ɗa ka kai sama, sai ka ba ta madadi."

"Raguna nawa?"

"Rago! Dubi bangon nan, na yi maka kama da mai neman rago?" Ya juye ruwan a buta. "Ajiye ta bakin ƙofarka. Matarka na zuba ruwa bayan matafiyi?"

"Wace uwa ce ba ta zubawa?"

"Shi ke nan."

"Ba jini?"

"Mai ƙera abin ƙone garuruwa ne ke tsoron jini? Tashi ka ba ni wuri."

Mutumin da ke titsiye ma'aikaci a kan ƙusa ɗaya bai tambayi abin da zai sami matafiyin ba. Ya san amsar.

Fikret ƙanen Nevzat ne ya fara tafiya, zai kai zanen jirgi Ankara. Gulizar matar Nevzat ta ɗauki sabuwar buta ta zuba a bayan motarsa, ta ce, "Ka tafi kamar ruwa, ka dawo kamar ruwa." A makara ya dawo. A cikin makon jirgin Erdal ya kama da wuta a filin gwaji, fiffiken na Nevzat kuma ya daina tsagewa. Aka buɗe sabon reshe, aka ɗebi 'ya'yanku aiki. Sai Nilay 'yar Nevzat ta koma jami'a, uwarta ta zuba mata ruwa, aka tsince ta a ɗakinta ta sandare. Butar kuwa ba ta taɓa raguwa ba.

Ranar da za a nuna jirgin gaban manyan soja, Koray ɗan Nevzat ne matuƙi. Maƙwabta sun cika ƙofar gida. Gulizar ta sunkuya za ta ɗauki buta, Nevzat ya riƙe hannunta.

"Bari, yau kar ki zuba."

"Ɗana zai hau sama, in bar shi ya tafi a bushe? Lafiyarka kuwa?"

Koray ya yi dariya. "Baba, ƙyale Inna. In ba ta zuba ba, har filin jirgi za ta bi ni da bokiti."

Magana ɗaya ta isa ta ceci yaron. Amma sai an faɗe ta gaban jama'a, kuma aikin ya kuɓuce. Nevzat ya dubi idanun maƙwabta, ya saki hannunta.

Jirgin ya tashi, ya yi juyi, ya sauka lafiya ƙalau, kuka yi ta tafi. Da aka buɗe murfin wurin matuƙi, Koray na zaune a miƙe, ya yi sanyi, ruwa na zuba ta hancinsa.

Nevzat ya ci takara. Gulizar yanzu tana yawo ba takalmi, tana bin duk mai wucewa da kofin ruwa, yara na gudunta. Shi kuma bakinsa ya mutu, a kujera ake juya shi. Wanda kwaɗayi ya sa ya biya da ran wani, daga cikin gidansa ake fara karɓa.

Gidan ya ƙare, butar ba ta ƙare ba. Erdal ya sayi masana'antar, ya kai butar ƙofar rumfar jirage, wai don tunawa da aboki. Jibi Tunjay, ɗan mai gidan burodin unguwar tasha, zai gwada jirgi na biyu, an kuma gayyaci uwarsa ta yi masa rakiya.

Yau ma za ku wuce ta gabanta ku sayi burodi. Ku tsaya ku gaya mata. Jibi kuma ku fito, ku tare ƙofar rumfar nan da jikinku, kar yaron ya hau.