Ƙofar Baya da Ɗanka Ya Liƙe

Baba, tun da muka baro ka a can ban samu na zauna na yi maka magana ba. Yau na samu. Bakina ba zai iya cewa "ni" a cikin labarin nan ba, don haka zan ce ɗanka, ka saurara kamar labarin wani ne.

Bayan an share makokinka, ɗanka mai walda ya ce wa Inna ba za su ƙara damina a gidan nan ba. Ta ƙofar baya mutanen da suka kashe ka suka shigo maka, ƙofar da ba ka taɓa yarda a sa wa sakata ba, wai kada maƙwabci ya zo neman ruwa ya koma da tulunsa a bushe. Auta ce kawai ta tambaya ko za a tafi da kazarta.

Garin da ya zaɓa yana da nisa, bai san kowa a can ba sai wani direban babbar mota, shi ya haɗa shi da dillali. A waya aka yi komai. Dillali ya turo hoton gida kusa da tasha, ɗanka ya ce ba ya son inda baƙi ke kwana. Ya turo wani a sabuwar unguwa, ya ce kangwaye sun yi yawa. Tambayarsa ɗaya ce kullum: ana shiga gidan mutane?

Ran nan dillali ya kira yana dariya. "Oga, na samo maka. Layin nan, ko akuya ka ɗaure da zaren ɗinki, gobe za ka same ta tana jiranka. Ɓarawo bai taɓa taka shi ba."

Ɗanka bai tambayi dalili ba. Wanda ya tsorata ba ya tambayar dalilin zaman lafiya, hannu biyu yake sawa ya karɓa.

Da rana tsaka suka iso, a bayan mota, su da katifu da injin walda. Layin a share yake, shiru, yara na wasa a ƙofar wani tela. Gidan ɗaki biyu ne da tsakar gida, da famfo a kusurwa, da wata ƙaramar ƙofar langa-langa a katangar baya wadda ke fita wani lungu mai ciyawa. Ba ta da sakata, ba ta da ko alamar an taɓa sa mata.

Kafin a gama kwance kaya ɗanka ya jona injinsa. Ya yi wa tagogi rodi, ya ƙara wa ƙofar gida sakata sama da ƙasa. Auta na zaune a kan turmi tana kare ido daga tartsatsi.

"Yaya, gida ka kama mana ko gidan yari?"

"Rufe min baki, mai ƙaton kai."

"Inna, kin ga ko sauro sai ya nemi izinin Yaya kafin ya cije mu."

Inna ta yi dariya, dariyarta ta farko tun rasuwarka. Tela ya leƙo ya yi musu sannu da zuwa, da ya ga ɗanka ya nufi ƙofar baya da ƙarfe a hannu sai ya yi jim.

"Samari, wannan ba a rufe ta."

"Na san wanda ya ce haka, Baba Tela," in ji ɗanka. "Yana kabari."

Ya yi bisimilla, ya giciye ƙarfe biyu, ya liƙe ta ruf da yamma lis.

Magariba ta farko, Inna na alwala a bakin famfo, sai tsakuwa ta faɗo a kan kwano. Ɗaya. Aka yi shiru mai tsawo, har suka ce tsuntsu ne. Sai wata ta faɗo. Ɗanka ya fita da tocila ya zaga lungun, bai ga kowa ba sai ciyawa a kwance kamar an daɗe a tsaye a kanta.

Haka ta zama kullum. Da rana ta yi ja, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, sai jifa ta fara, a hankali, ba ta fasa komai. Daga baya aka fara ƙwanƙwasa ƙofar bayan daga waje, ƙasa-ƙasa, irin ƙwanƙwasar wanda ba ya son ya tada mutane. Abin da ya fi hana su sukuni shi ne kukan. Daga cikin gida yake fitowa, daga kusurwar famfo, siririn kuka na yaron da ya gaji da kuka. Inna takan ja carbi har yatsunta su sage. Kazar Auta ta daina sauka daga kan katanga.

"Mu bar gidan nan," in ji Inna.

"Mu je ina? Ko ƙwaryar shan ruwa ba a ɗauke mana ba a nan. Jifa ba ta kisa, Inna."

Ya ƙara ƙarfe na uku.

Wata yamma ruwan famfo ya ɗauke, Auta ta ɗauki bokiti ta zaga lungun baya inda ake cewa akwai rijiya. Ta daɗe. Da ta dawo ba bokiti a hannunta, ba ta yi sallama ba. Ta wuce Inna, ta wuce ɗanka, tana tafiya a duƙe kamar mai ciwon baya, ta je kusurwar famfo ta durƙusa. Ta buɗe hannuwa ta rungume abin da ba wanda ke gani, tana jijjiga shi. Kukan ya tsaya.

"Auta," in ji Inna. "Autata."

Yarinyar ta juyo. Fuskar tata ce, idon ba nata ba.

Daga ranar ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta tashi daga wurin ba. In an kama ta za a ɗaga, sai ta yi nauyi kamar an dasa ta. Leɓenta ya tsage, wuyanta ya zama kamar kara. Ɗanka yana tsaye yana kallon ƙanwarsa tana ƙarewa a cikin gidan da ya yi wa ƙarfe ta ko'ina. Tela ne ya je ya zo da Malam, wani dattijo mara jiki mai tari, wanda ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙofar baya kafin ya nemi tabarma.

Ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu, murya ƙasa. Rana na faɗuwa. Da karatun ya yi nisa Auta ta fara karkarwa, ta toshe kunne da kafaɗa, hannuwanta ba su saki abin da suka riƙe ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni." Muryar tsohuwa ce, a dishe.

"Wace ce ke, me ya kai ki jikin marainiya?"

"Hanyata ce wannan tun ba a aza tubalin gidan ba. Nan nake bi da jikokina in rana ta yi sanyi. Wancan ya zo ya rufe, ƙaramin yana ciki." Ta nuna ɗanka da haɓa. "Da sunan Allah ya rufe, ba ni da ikon buɗewa. Na yi jifa, na ƙwanƙwasa, ya ƙara min ƙarfe. Sai na shigo da ƙafar tasu."

"Zalunci kika yi. Yarinya ba ta rufe miki komai ba."

"Nawa ma bai yi masa komai ba."

Malam ya yi tari, ya ce ta faɗi abin da take so. Ta ce a cire ƙofar gaba ɗaya, dare da rana. Malam ya ce ba za a yi haka ba, mutane ne a gidan, da mata. Ta ce to ita ma ta samu ɗaki a jikin yarinyar. Ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu, ta yi ƙara har kazar ta tashi daga katanga. Can ta ce a bar mata ƙofar a buɗe daga la'asar zuwa kiran magariba, kuma ta yi rantsuwa ba za ta ƙara taɓa ɗan gidan ba.

Malam ya juyo. "Saura kai, samari."

Baba, ɗanka ya kasa motsi. Ƙofar baya a buɗe, da yamma, da hannunsa. Ya ga ranar nan ta dawo masa, ya ga takalminka ɗaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam, in suka shigo fa?"

Tsohuwar ce ta amsa. "Su wa? Wa kake tsammani ya hana su layin nan tun da can? Ƙarfenka?" Ta daɗe tana kallonsa da idon Auta. "Kai ma an raba ka da naka. Tun daga ƙofa na ji a jikinka."

Bai san lokacin da maganar ta fita ba. "Kina ganinsa?"

"Kai!" in ji Malam. "Ba a tambayarsu wannan."

"Bar shi," in ji ta, muryar ta yi laushi. "Yaro, mu ma binne namu muke yi. Ba ma ganinsu."

Ɗanka ya ɗauko injin yanka. Tartsatsi na zuba a kan ƙafarsa bai ji ba. Ƙarfe na uku ya faɗi, na biyu, na farko. Ya tura ƙofar, ta yi kuka ta buɗe a kan lungu da sauran jan rana. Auta ta miƙe a duƙe, ta taka har bakin ƙofa, ta miƙa hannuwa waje kamar mai miƙa goyo. Ciyawa ta kwanta, ta tashi. Sai yarinyar ta sulale, ɗanka ya tare ta.

Ta buɗe ido, nata. "Yaya, ƙishirwa." Ta kalli ƙofar. "Wa ya fasa gidan yarin?"

Auta ta warke, Baba, har ta koma makaranta. Kullum da la'asar ɗanka yakan bar aiki ya dawo ya buɗe ƙofar da kansa. Inna na tsammanin gadi yake yi, shi ya sa yake jan kujera ya zauna a wurin har a kira salla. Ba gadi ba ne. An gaya masa ba a ganinku, ya kuma yarda. Amma in iska ta taɓa ciyawar lungun, yakan matsar da ƙafarsa gefe, ya bar hanya mai faɗin mutum ɗaya, babba, mai jan ƙafar hagu kamar kai.

Bai faɗa wa kowa ba tukuna.