Wanda Ya Juye Maganin Gansakuka

Sufeto bai ƙarasa shayinsa ba wani dattijo ya faɗo ofis, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Ranka ya daɗe, an kashe min kifi. An zuba min guba a tafki."

Aka ba shi kujera, ya ƙi zama. Tsohon direban babbar mota ne. Da ya ajiye tuƙi sai ya haƙa tafki a bayan gidansa yana kiwon kifi, abokansa na zuwa su jefa fatsa ranar hutu. Jiya a asibiti ya yini da matarsa. Yau da safe ya tarar da abin da ya tarar.

Sufeto ya ɗauki hula, ya kira Sajan.

Tun daga bakin shinge wari ya tarye su. Kifi sun taso ciki sama, ƙudaje na bi. Gansakukar da ta rufe tafkin, irin mai zare-zaren nan kamar gashin da ba a taje ba, ta koma ruwan ƙasa. Ruwan kuwa ya yi shuɗi.

Wani mai kama da dattijon yana ta kai da kawowa da sanda a hannu.

"Ƙanena ne," in ji dattijon. "Bulo yake bugawa."

"Yallaɓai, kada ku wahalar da kanku," in ji ƙanen. "Mai gonar can ne. Takinsa ke gangarowa yana haifar mana da gansakukar nan. Yaya ya yi masa magana, shi kuwa ya ce za mu gani. To, mun gani. In ba ku kama shi ba, mu za mu je."

"Ajiye sandar nan," in ji Sufeto, sannan ya dubi dattijon. "To, Baba, me ya sa ruwan ya yi shuɗi?"

"Maganin gansakuka ke sa haka. Amma ni kaɗan nake zubawa, yau wannan kusurwa, wani makon waccan, sauran in ja da manjagara. Wanda ya sayar min ya gargaɗe ni: in ta mutu gaba ɗaya ta ruɓe, sai ta shanye iskar ruwan, kifi su shaƙe."

Suka buɗe sito. Jarkar maganin wayam. Kwaɗon ƙofa kuwa ko ƙwarzane babu.

"Ina kake ajiye makulli?"

"Ƙarƙashin dutsen nan."

"Wa ya sani?"

"Kowa ya sani," ƙanen ya yi saurin cewa. "Har awaki."

Sufeto ya tsallaka shinge. Mai gonar na tsaye a cikin masararsa, ya ƙanƙame fartanya, idonsa na kan hanya.

"Yaushe rabonka da bakin tafkin nan?"

"Ni? Tun da muka yi cacar baki ban ko kalli wajen ba."

Sufeto ya nuna masa wani sabon kwarmi da aka haƙa jikin shingen, ƙasarsa ɗanya.

"Wannan aljanu suka haƙa?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, jiya da rana. Matata ta hana ni sakat, ta ce in karkatar da ruwan gonar kowa ya huta. Tsoro ne ya sa na ɓoye, na ji ana cewa za a ƙona min masara."

"Me ka gani?"

"Ban ga komai ba, ganye ya tare. Amma na ji mota ta tsaya a baya, na ji ana fama da ruwa, kamar ana jan abu mai nauyi. Na zaci mai tafkin ne."

Sufeto ya dawo. Ya zagaya tafkin, ya sake zagayawa, gumi na bin wuyansa. Wani abu bai kwanta masa ba. Ya sa aka tsamo matattun kifin, aka jera su a kan ciyawa. Ya bi layin da ido har ƙarshe.

"Baba, kifinka duka haka suke? Ba wanda ya wuce tafin hannu?"

Dattijon ya duba. Ya sake dubawa.

"Ina iyayen? Ina manyan tarwaɗana? Akwai wadda ta kai cinyata!"

Aka ja manjagara a ƙasan ruwa, aka fito da gansakuka kaya-kaya. Babban kifi ko ɗaya babu.

"Ba kisa aka zo yi ba," in ji Sufeto. "Sata aka yi. Aka juye magani don kada ka gane abin da ya ɓace."

Ya waiwaya. Ƙanen ba ya wurin.

A wurin buga bulo suka same shi, yana wanke bayan motar ɗaukar kaya da sauri kamar ana korarsa.

"Ina ka je jiya da rana?"

"Yashi na ɗauko."

Sajan ya sa yatsa a lungun ƙofar motar, ya zaro koren zare mai santsi, ya ɗaga shi sama.

"Yashin naka a cikin tafki yake tsirowa?"

"Ai ruwan jiƙa bulo ma yana yin gansakuka."

"To mu ga ruwan."

Tankin siminti ne, an rufe shi da kwanon rufi, an danne da bulo. Kafin Sufeto ya taɓa, wani abu ya bugi kwanon daga ciki, fac! Sajan ya ɗage. Manyan tarwaɗa baƙaƙe suna juyi a cikin ruwan.

Dattijon ya riƙe bakin tankin.

Ƙanen ya zauna a kan bulo.

"Ni ne, Yaya. Tare muka haƙa tafkin nan, bayana har yau bai warke ba. Abokanka su zo su kama su tafi da shi, ni na roƙe ka iyaye biyu in fara nawa, ka ce ban iya riƙon komai ba. A gaban matata ka faɗa."

"Shi ne ka kashe sauran?" in ji dattijon.

"Cewa na yi in sun mutu ba za ka ƙirga ba."

"Mai gona fa?" in ji Sufeto. "Da sanda na same ka. Da mun makara, da yanzu wani zancen ake."

Ƙanen ya tashi tsaye. Ya miƙa hannuwa, Sajan ya sa masa ankwa.

Sun kai bakin mota ya tsaya, ya juyo.

"Yaya, a sauya musu ruwa kafin yamma. Siminti na ƙona musu fata."

Dattijon bai ɗago ba. Motar 'yan sanda na fita, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki bokiti.