Rabin Ruwan Nomau

Ku matso kusa, ku bar wasa da fitilar nan. Ku a zatonku sai duhu ya yi mutanen ɓoye suke fitowa. To, wanda zan ba ku labarinsa da rana tsaka ya gamu da su, ido na ganin ido.

Sunansa Nomau, mutumin Tanut, direban tankar ruwa. Aikinsa kai ruwa sansanin masu haƙar zinariya, can cikin hamada bayan Agadas, inda babu itace babu rijiya. Ƙanensa Illiya na cikin masu haƙar. Nomau ne ya kai shi wurin da kansa, bayan uwarsu ta hana.

Wata safiya saƙo ya zo ta oba-oba, rediyon da direbobi ke magana da sansani. Ruwansu ya ƙare, har sun fara tatsar na lagireton motoci. Ayarin da Nomau zai bi kuwa ya ƙi tashi. Yau a ce taya, gobe a ce ana jiran wane. Ya yi magana har bakinsa ya gaji. Daga ƙarshe ya cika tanki, ya tada mota shi kaɗai. Tsofaffin direbobi suka ce masa ba a shiga hamadar nan mutum ɗaya. Ya nuna musu na'urar nuna hanya da ke manne a gilashinsa, ya ce wannan ta fi su sanin hanya, kuma ita ba ta tsayawa shan shayi.

Ranar farko lafiya lau. Kashegari da hantsi ya kira sansani, aka ba Illiya. Muryar ta bushe, da ƙyar take fita.

"Yaya, ka kusa?"

Nomau ya buɗe baki zai amsa, sai rediyon ya ɗauke. Ba mutuwa ya yi ba. Wata ƙara ce ta cika shi, kamar an zuba ruwa cikin tafasasshen mai. Ya murɗa nan, ya murɗa can. Ya kunna ƙaramin rediyonsa na jin labarai, shi ma haka. Duk tashoshin duniya sun yi shiru lokaci ɗaya.

Ya yi tsaki, ya ci gaba. Ai na'urar hanya na nan.

Kibiyar da ke jikinta ta nuna gabas, ya bi. Can ta karkata arewa, ya bi. Can kuma ta nuna masa wai ya wuce sansanin, wai yana bayansa. Ya juya. Ya yi ta tafiya, mai na raguwa, har ya hango sawun taya a gabansa. Ya yi hamdala, ya ce ga hanyar mutane. Da ya sauka ya duba, sai ya ga tabon facin da ke tayarsa ta baya a jikin yashi. Sawunsa ne.

Ya ɓalle na'urar ya buga ta da kujera. Ya zage ta, ya zagi wanda ya sayar masa da ita, ya zagi ayarin da ya ƙi tashi. Ya ɗaga kai ya nemi rana ta gaya masa gabas da yamma, sai ya tarar ta tsaya cak a tsakiyar kai. Fara fat. Inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa. Tuddan yashi ko'ina iri ɗaya. Ga ruwa tanki guda a bayansa, ga ƙanensa na mutuwa da ƙishi a wani wuri kusa, shi kuwa bai san inda zai sa gaba ba.

Da ya juyo zai koma mota, sai ya gan ta.

Tsohuwa ce, zaune a kan yashi kusa da famfon tanki. Baƙin zane, ƙaramin ƙoƙo a hannu. Yashin da ke ƙona shi ta cikin takalmi, ita ta miƙe ƙafa a kai babu ko silifa. Ya duba bayanta, ya duba gefenta. Babu raƙumi. Babu sawu ko ɗaya da ya kawo ta wurin.

Ya yi sallama. Bakinta ya motsa, ya rufe. Sai bayan ya rufe sannan amsar ta iso kunnensa.

Ya ja da baya. Amma haushin da ke cinsa ya fi tsoron yawa. Ya tambaye ta ko ta san inda masu haƙa suke. Ba ta dube shi ba. Rana take kallo, ido buɗe, ko ƙiftawa ba ta yi. Ta miƙo ƙoƙon.

Ya ce a ransa, ɗan ƙoƙo ne. Ya buɗe famfo.

Ruwa ya zuba. Ya zuba. Ƙoƙon bai cika ba, kuma ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Nomau na tsaye har ya ji tankin ya fara amsawa da irin ƙarar abin da samansa ya zama fanko. Ya yi wuf ya rufe.

"Bai cika ba, ɗan nan."

"Iya, ruwan nan na mutane ne."

"Mu ma tafe muke."

Ta nuna da haɓa. Can inda kawalwalniya ke rawa, ya ga kamar tsaye-tsayen mutane, dogaye, masu yawa. In ya kafa musu ido sai su zama zafi kawai. In ya kawar, sai ya ji sun matso.

Ta ce masa su matafiya ne tun kafin a haƙa rijiyar farko. Ta ce 'yan Adam sun cika iska da surutu, dare da rana maganganunsu na ratsa sama, har su ba sa jin kiran junansu. Sai ranar da rana ta fusata ta tofo wutarta, iska ta yi tsit, sannan suke samun su tashi. Yau irin ranar ce, kuma ba ta daɗewa. Ta ce ta san inda ƙanensa yake kwance, ƙarƙashin wani shuɗin tanti, an jiƙa masa tsumma a baki.

Nomau bai gaya mata yana da ƙane ba.

"Rabin ruwanka," in ji ta. "In nuna maka hanya."

Ya roƙa ta rage. Ya ce mutane sun fi ɗari a can. Ya yi faɗa, ya buga ƙafa, har ya ce mata wannan zalunci ne. Ta bar shi ya gama. Ta koma kallon ranarta. Ya dubi allurar mai, ya dubi tuddan yashi. Tanki cike a wurin da ba kowa, ba zai jiƙa maƙoshin kowa ba.

"Na yarda," ya ce. "Rabi."

Ta shiga gaba ta zauna. Kujerar ba ta lotsa ba. Cikin motar da ke kamar tanda ya yi sanyi har yatsunsa suka ƙage a kan sitiyari. Ba ta ƙara magana ba, sai dai ta ɗaga yatsa dama, ta ɗaga hagu. Sau ɗaya ya saci kallon madubi. Ya ga dogon layi na bin motar, da raƙuma da kaya, suna tafiya a hankali amma ba ya tsere musu. Kowanne da ƙoƙo. Bai sake dubawa ba. Ya yi ta karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Wajen la'asar rediyon ya yi tari, muryar mutum ta fito. Nomau ya waiga. Kujerar babu kowa. Gabansa kuwa ga tantunan sansani.

Illiya ya rayu. Shi da sauran duk sun sha, kuma ruwan sanyi ƙarara kamar daga randa aka ɗebo. Amma da aka leƙa tanki aka ga rabi, sai godiya ta koma tuhuma. Suka ce ya sayar a hanya. Ya ba su labari, wasu suka yi dariya, wasu suka ce zafi ne ya taɓa shi. Da yamma rediyo ya kawo labarin cewa rana ce ta yi aman wuta, ta rikita sadarwa da na'urorin nuna hanya, har jiragen sama suka sauya hanya, kuma masana na cewa a wasu ƙasashe wutar lantarki na iya ɗaukewa. Mai motar, Alhaji Barmo, ya ce to ga bayanin ɓatan hanya an ji. Saura bayanin ruwa.

Nomau ya haɗiye maganar. Ya ɗauka an gama.

Tafiya ta gaba cikin ayari ya yi ta, na'ura na aiki, an ɗaure famfo da kwaɗo. Suka isa, rabi. Aka kai tankin wurin masu walda, ba su sami ko hudar allura ba. Aka ba shi wata motar, rabi. Aka ba wani direba tasa, ta isa cike. Sannan ya tuna abin da tsohuwar ta ce. Ba ta ce ruwan yau ba. Ba ta ce ruwan tanki ba. Ruwanka ta ce, shi kuma ya amsa.

Alhaji ya sallame shi. Ba wanda zai ɗauki direban da ke kai rabin kaya. Ya koma Tanut, abin ya bi shi har gida. Matarsa ta cika masa buta, kafin ya tsuguna alwala ta koma rabi. Ya yi shuka, damina ta yi kyau, gonar maƙwabcinsa ta yi shar, tasa kamar an yi mata rowa. Illiya ya sha zuwa da malamai. Nomau ya sha komawa bakin hamada da tsakar rana yana kira, ko za ta fito su sake magana. Iska cike take da surutunmu. Ko tana ji, ba ta amsa ba.

Na gan shi da idona, ya tsufa. Na miƙa masa kofi cike har baki. Ya riƙe, ya yi bismilla, ya ɗan jira kamar mai jiran babba ya fara. Ina kallo ruwan ya sauka. Sannan ya sha sauran.

Saboda haka in tafiya ta kai ku hamada, ku jira ayari ko zai shekara bai tashi ba. In kuma rediyo ya ɗauke da rana tsaka, ku kashe mota, ku zauna a ciki, kada ku amsa wa kowa. Ku tashi ku kwanta. Wanda ke jin ƙishi ya sha yanzu, ba mai raka wani randa anjima.